Gilashin Motar Ya Ƙi Tsayuwa, Mai Gyaran Kuma Ƙanin Mijina Ne

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Rikkos a nan Jos. Maigidana ya rasu bara waccan, ya bar ni da yara uku. Da aka raba gado motarsa ta faɗo a rabonmu ni da yaran, 'yar Kwatano ce ƙirar 2005, da ita nake kai su makaranta in wuce wurin aiki. Tun farkon damina gilashin ƙofar baya, wajen da autana yake zama, ya daina tsayuwa. In na danna sai ya hau yana wani ƙaras-ƙaras, kafin mu kai titin Bauchi ya sauko kamar yatsu huɗu. Wani lokaci in rufe da daddare, da safe in tarar ya zame, kujera ta sha ruwa. Ƙanin maigidana bakanike ne, tun yayansa na da rai shi ke duba motar. Sau uku ina kai masa. Na farko ya zuba baƙin mai a gefen gilashin, na biyu ya canja makunnin ƙofar, na uku ya ce batir ne ya yi sanyi, aka sa sabo. Kuɗin kaya ni na biya, shi bai taɓa karɓar ladan aiki ba. Gilashin bai gyaru ba, kuma tun ranar da aka canja batir nawa na wajen direba ma ya tsiro da sabon hali: ya hau har ƙarshe, sai ya dawo ƙasa da kansa. Yanzu kwali ya cusa mini a na bayan, ya ce in na gaji akwai wanda zai saya. Yayata ta ce da gangan yake yi don in sayar da araha. Ina jin nauyin kai wa wani, kada a ce na raina shi, ga mahaifiyarsu tana da rai. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Rikkos

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan maigidanki, ya kyautata makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ya ba ki ikon riƙe su.

Da maganar yayarki zan fara, domin ta fi gilashin nauyi. Na karanta wasiƙarki sau biyu ina neman inda mugunta ta ɓuya a cikin abin da ƙanin mijinki ya yi, ban same ta ba. Abin da na samu shi ne bakaniken inji da aka kawo wa aikin da ba nasa ba, ya kasa buɗe baki ya ce wa matar yayansa bai iya ba. Dubi yadda ya bi abin. Ya ji abu na cijewa, ya zuba mai. Bai yi ba, ya canja makunni. Bai yi ba, ya ɗora wa batir. Duk wanda ya saba zaman gareji ya san wannan laluben, haka mai gyaran inji yake yi in ya shiga gonar da ba tasa ba. Mutumin da ke son darajar mota ta faɗi don a sayar masa da araha ba zai sa a saka mata sabon batir ba, kuma ba zai tsaya wasa da gilashin baya ba alhali cikin injin yana hannunsa, inda zai iya yin abin da ba za ki taɓa ganewa ba. Yayarki kishinki ne ya sa ta faɗa, kada ki ga laifinta. Amma maganar ta tsaya tsakaninku. In ta isa kunnen surukarki ba ta dawowa, kuma 'ya'yanki ne za su tashi su tarar da ita tsakaninsu da dangin ubansu.

Sai dai rashin mugunta bai mayar da aikin daidai ba. Sau uku ya yi kuskure, kuɗinki sun tafi, kuma motar nan dukiyar marayu ce, ba ki da ikon zuba ido ruwa ya ruɓar da ita don kina jin nauyin wani. Abin da zai raba ki da wannan ƙuncin shi ne ki san ciwon motar da kanki. Wanda bai san abin da ya lalace ba, in zai yi magana sai dai ya yi ƙorafi ko zargi. Wanda ya sani kuwa roƙo kawai zai yi, a taimaka masa a samo abu kaza.

To bari in buɗe miki ƙofar. In aka cire bangonta na ciki, abin da za ki gani ya yi kama da guga da igiya. Akwai ɗan ƙaramin inji da ke aiki da wutar batir, yana juya wani kwarkwaro. A jikin kwarkwaron an naɗe siririyar wayar ƙarfe irin ta birkin keke, ta bi ta kan 'yan tayoyin roba a sama da ƙasa, ta kama wani maɗauki da ke zamewa a kan dogon ƙarfe. A kan wannan maɗaukin gilashin yake zaune, an kama gindinsa da noti ko da maƙalan roba. Masu sayar da kayan mota injin gilashi suke ce wa tarkacen gaba ɗaya. Wasu motocin ba waya gare su ba, hannuwan ƙarfe ne biyu da suka gitta kamar almakashi, da faifai mai haƙora, amma aikin ɗaya ne.

Ga wurin da nake so ki riƙe da kyau. In gilashi ya hau ya tsaya, ba wuta ce ke riƙe da shi ba. An yanka haƙoran cikin injin ne ta yadda inji zai iya juya kwarkwaro, amma nauyin gilashi ba zai iya juya inji ba. Shi ya sa ko an cire batir an ajiye mota shekara guda, gilashi mai lafiya yana nan inda aka bar shi. Batir mai rauni zai sa gilashi ya hau a hankali kamar yana jin barci. Makunnin da ya mutu zai sa ya ƙi motsi gaba ɗaya. Babu ɗayansu da zai sa ya zame a gargadar titi ko cikin dare mota na kashe. Gilashin da ke saukowa da nauyinsa, abin da ke riƙe da shi ne ya saki: ko wayar ta tsintsinke ta yi sako-sako, ko maƙalin roba ya karye, ko ɗaya daga cikin 'yan tayoyin ya tsage, ko haƙoran sun cinye. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin da kike ji kuwa, a mafi yawan lokuta kukan waya ne da silallanta suka fara tsinkewa suna cukurkuɗewa a jikin kwarkwaro. Ban ga motar ba, amma in za a tambaye ni inda za a fara dubawa, nan zan nuna.

Kina iya tabbatarwa yau a ƙofar gida, ba sai da sifana ba. Ki kashe mota, ki buɗe ƙofar, ki sa tafin hannu ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ki matse gilashin tsakaninsu ki ja ƙasa a hankali. Mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan. In ya biyo hannunki, magana ta ƙare, ciwon na ƙarfe da roba ne, ba na wuta ba. Sannan ki gwada karkata shi gaba da baya. In gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya tsaya, maƙalin wannan gefen ne ya karye. Akwai wata hanya da wuta ke saukar da gilashi guda ba a taɓa shi ba, wato in ruwa ya shiga makunni ya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Amma a nan za ki ji kukan injin yana aiki, kuma gilashin ba zai biyo hannu ba in kin ja. Tunda an riga an canja makunnin bai hana komai ba, wannan ma ya fita daga lissafi.

Daga yau ki daina danna shi. Kowace dannawa tana ƙara naɗe tsinkakkiyar waya a kwarkwaro, har wata rana ko dai injin ya ƙone saboda wahala, ko wayar ta ƙarasa tsinkewa gilashin ya faɗa cikin ƙofa. Gilashin gefe a yawancin motoci ba irin na gaba ba ne da ke tsagewa ya tsaya. Gasasshe ne, in ya fashe rugujewa yake yi ya zama tsakuwa, kuma a nan autanki yake zama. A ƙofarki ta direba akwai maɓallin da ke kulle makunnan sauran ƙofofi. Ki danna shi ki bar shi a danne.

Baƙin man nan da aka zuba, shi ne abin da ya fi ba ni takaici a cikin ukun, don ba a banza kawai ya tafi ba, ɓarna ya ƙara. Gilashi yana hawa ne a cikin wata kwata ta roba da ta zagaye firam ɗin ƙofa. Baƙin mai, da giris, da duk wani mai da aka samo daga fetur, suna kumbura irin wannan robar su sa ta yi laushi, sannan su kama ƙura su zama kamar kwaɓaɓɓen yumɓu. Kwana biyun farko gilashi zai yi santsi, a ɗauka an dace. Bayan nan sai ya fi da cijewa. Kuma cijewar nan ita ce asalin ciwon tun farko. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, motocinmu suna shan abin da na wasu garuruwan ba sa sha: ƙurar hunturu ta cika kwatar, sanyin Disamba da Janairu ya busar da roba ta yi tauri, sannan ruwa ya sauko daga Afrilu har Oktoba ya kwaɓa ƙurar. Injin yana ta ja da ƙarfi, waya da maƙalan da aka ƙera tun 2005 suna ɗaukar nauyin da ya fi nasu, har ɗayansu ya gaza. In aka sa sabon injin gilashi aka bar kwatar da dattinta, shi ma hanyar da na farko ya bi zai bi. Wankinta ba wuya: ruwan sabulu, tsumma a naɗe a bakin siririn itace, a bi ciki sama da ƙasa har tsumman ya daina fitowa baƙi, a bari ta bushe. In za a sa mata wani abu, feshin silikon ake sawa, ana samunsa a gwangwani wurin masu kayan mota. In robar ta riga ta kumbura ko ta yage, sai canji.

Na wajen direba kuma ki kwantar da hankalinki, da alama lafiyarsa ƙalau, mantuwa ya yi. Gilashin da ke hawa da kansa in an taɓa makunni sau ɗaya, an yi masa dabarar kare hannu: in yana hawa ya ji ya ci karo da wani abu, sai ya tsaya ya koma ƙasa. Ƙa'idar Turai da ta Amurka a kan irin wannan gilashin ita ce kada matsinsa ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 10 kafin ya ja da baya. Don ya bambance hannun yaro da ƙarshen firam, dole ya riƙe a ƙwaƙwalwarsa inda ƙarshen yake. A motoci da yawa, in aka cire batir wannan ajiyar tana gogewa. Sai ya hau, ya taɓa saman firam, ya ɗauka hannun mutum ne, ya dawo. Kin ga dalilin da ya sa abin ya fara ranar da aka sa sabon batir. Ba laifin wanda ya canja ba ne, sai dai ya kamata a sake koya masa kafin a ba ki makulli.

Koyarwar minti ɗaya ce. Ki rufe ƙofa, ki murɗa makulli har fitilun gaban sitiyari su kama. Ki danna makunnin ƙasa ki riƙe har gilashin ya sauka ƙarshe, ki ci gaba da riƙewa kamar daƙiƙa biyar. Sannan ki ja shi sama ki riƙe, kada ki saki, har ya rufe, ki ƙara riƙewa daƙiƙa biyar. Ki gwada. Wasu motocin suna da nasu salon da ya ɗan bambanta, yana rubuce a littafin motar in maigidanki ya bar shi a aljihun gaba, in babu kuma ana samu a intanet da sunan motar da shekararta. In kin yi sau biyu bai ji ba, ki wanke kwatarsa shi ma, don datti yana sa shi jin kamar ya ci karo da wani abu.

Abin da ban yarda da shi ba ko kusa shi ne wani ya ce miki bari a cire wannan dabarar a haɗa waya kai tsaye, a huta. Za a faɗa miki haka, don ya fi sauƙi ga mai gyara. Ki ƙi. Injin gilashi ƙarami ne a ido amma ƙarfinsa ya isa ya karya yatsan yaro, ya isa ya shaƙe wuya. Ki duba makunnan ƙofofin baya ma. In irin waɗanda ake danna gaba su hau a danna baya su sauka ne, yaro na iya ɗora gwiwa a kai yana leƙe ta taga gilashi ya taso masa. Saboda irin haka ne Amurka ta wajabta tun 2010 cewa sababbin motoci su zo da makunnin da sai an ja shi sama gilashi ke hawa. Taki ta girmi wannan dokar, don haka maɓallin kullewar nan da na ambata ya zama al'adarki ko bayan an gama gyara, kuma kada ki bar makulli a jiki yara na ciki ko da shago za ki leƙa.

Kafin a kai ga gyara, ki cire kwalin nan. Kwali yana shan ruwa ya riƙe shi a jikin ƙarfe, kuma in ya jiƙe ba ya riƙe komai. Ki ɗaga gilashin da tafukan hannu biyu har ya shige saman firam, ki goge shi ya bushe, ki samo salatif mai faɗi, ki liƙa daga jikin gilashin ta waje, ya haye saman ƙofa, ya sauko jikin gilashin ta ciki, layi biyu ko uku. Inda zai taɓa fenti ki shimfiɗa 'yar takarda a ƙarƙashi. Sannan ki yanko guntun tsohon silifas ki cusa tsakanin gilashin da robar ciki, a ƙasa. Banda sukundireba, banda ƙusa, banda duk abin da yake ƙarfe. Ranar da aka samu rana ki buɗe ƙofofi duka, ki fitar da tabarmin ƙafa, ki bar kujerar ta sha iska. Soson kujera in ya kwana da ruwa yana yin fumfuna, kuma ƙirjin yaro ne ke shaƙa kullum safiya. Kada kuma ki bar jaka ko waya a ciki in kin ajiye motar a Taminus ko bakin makaranta, gilashin da ke bin hannunki zai bi hannun kowa.

Yanzu sai Baffan yara. Aikin nan na rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, wanda ya saba da ƙofofi, ko na masu gilashin mota. A wurin kanikawa wannan ba abin kunya ba ne, kullum suna yi. Mai inji yana tura wa rewaya, rewaya yana tura wa mai gyaran jiki, shi kuma ya tura wa mai fenti. Ina da yaƙinin ƙanin mijinki yana tura motocin mutane haka ba tare da ya ji komai ba. Taki ce ta yi masa nauyi, saboda ta yayansa ce, yana ganin in ya tura ta wani wuri kamar ya sauke amanar da aka bar masa. Kina jin nauyinsa, shi ma yana jin naki, motar kuma tana tsakiya tana shan ruwa.

Don haka kada ki zagaye shi, ta hannunsa za ki bi. Kada ki same shi a gareji a gaban yaran shagonsa, a nan dole ya kare kansa. Ki je gida, ki gaida Hajiya, ku gaisa da shi, sannan ki ce masa wani abu kamar haka: “Baffan yara, gilashin nan na gwada shi da hannu, yana bin hannu, an ce mini wayar cikin ƙofa ce ta tsinke. Don Allah ka samo mana rewayan da ka yarda da shi ya buɗe, kai kuma ka tsaya a kai, don ni in na je ni kaɗai cuta ta za a yi.” Babu ƙarya a ciki ko ɗaya. Kin faɗi ciwon, kin bar masa girmansa, kin ba shi aikin da ya iya fiye da ke nesa ba kusa ba, wato sanin wanda ya iya da wanda bai iya ba a Farin Gada, da sanin farashin kaya a Dilimi. Kada ki tayar da zancen batir da makunni, sun wuce. Tsohon makunnin dai in yana nan ki karɓa ki ajiye, wataƙila lafiyarsa ƙalau, wata rana zai yi amfani.

In ya ce to, ya yi ta jan ƙafa har mako ya zagayo, ki kira shi ki ce ruwa na ɓata kujera, gobe za ki kai wa rewaya, kin ce bari ki sanar da shi. Sannan ki kai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sanarwar ita ce haƙƙinsa a kanki, izinin kuwa ba a hannunsa yake ba, mota taku ce ke da yara. Surukarki ma in maganar ta je mata, za ta ji cewa an nemi ɗanta tukuna.

Ranar gyaran, ko yana nan ko ba ya nan, akwai abubuwan da nake so idonki ya kasance a kai. A ciro tsohon injin gilashin a tafi da shi kasuwa, don na hagu daban da na dama, na gaba daban da na baya, kuma ko a mota iri ɗaya bakin fulogin yana bambanta. In ɗan injin bai ƙone ba, a motoci da yawa ana iya kwance shi a mayar a jikin sabon ƙarfen, kuɗi su ragu. Za a ba ki zaɓi tsakanin na Beljiyam, wato tsohon da aka ciro daga wata motar, da sabo na kwali. Ni na fi karkata ga na Beljiyam in an duba wayarsa babu silin da ya tashi, robobinsa babu tsaga, aka kuma haɗa shi da batir ya hau ya sauka a gabanku kafin a biya, don sababbin masu araha robarsu ba ta daɗewa. Wanda zai ce zai ƙulla tsohuwar wayar ko ya ɗaure maƙalin da wayar kwano, ki gode masa ki ce a'a. Zai riƙe mako biyu ko wata, ku sake buɗe ƙofa, kuma kowace buɗewa sai an karya wasu daga maƙalan bangon.

Akwai wata leda da ke liƙe a jikin ƙarfen ƙofa bayan an cire bango. Yawancin masu gyara yage ta suke yi su yar, su ce ba ta da amfani. Tana da shi. Ruwan sama yana shiga cikin kowace ƙofar mota ta gefen gilashi, haka aka yi ta, ya gangara ya fita ta wasu ƙananan ramuka a gindin ƙofar. Ledar ce ke hana shi tsallakowa ya jiƙa bango da makunni da sifika. Na taɓa barin a yar da ita a motata, damina ɗaya makunnin ya tafi, bangon ya kumbura. Ki ce a ɓare ta a hankali a mayar, in ta yage a yanko wata mai kauri a liƙa. A zura tsinke a ramukan gindin ƙofar a buɗe su, don na san sun toshe da laka da man nan. Notin da ke kama gilashi kada a ɗaure shi kamar na taya. Kafin a mayar da bango a hau da gilashin a sauke shi sau goma kina kallo, ki sake gwajin tafin hannu, sannan a rufe a watsa masa ruwa bokiti guda a ga ko zai shiga. In an cire batir lokacin aikin, kin riga kin san abin da za ki yi wa na direba.

In kuɗin ba su samu ba wannan watan, akwai hanyar jira da ta fi salatif mutunci. A buɗe ƙofar, a ɗaga gilashin, a tokare shi ta ciki da katako mai roba a kai, a zare fulogin injin, a mayar da bango. Zai zauna a rufe har ranar da Allah ya hore. Tunda ƙofar baya ce ba za ki rasa komai ba sai iska.

Maganar sayarwa kuwa, ba a sayar da mota saboda gilashi. Ina kyautata zaton gajiya da kunya ne suka sa ya faɗa, kamar mai neman hanyar fita daga aikin da ya gagare shi. Motar da ke tashi da safe ta kai yara uku makaranta ta wuce da ke wurin aiki, in kin rabu da ita a wannan tsadar, da wuya kuɗinta su sayi kamarta, kuma kuɗin Keke Napep na mutum huɗu kullum zai cinye su kina gani. In wata rana wani dalili na gaske ya taso, a gyara gilashin tukuna, don mai saye yana ganin kwali a taga zai zabge farashi fiye da kuɗin gyaran sau da yawa. Sannan a ji ta bakin dillalai biyu ko uku, a yi cinikin a gaban shaidu a rubuta, saboda rabon marayu na ciki, kuma rubutun yana kare shi kansa Baffan daga bakin mutane.

Juyen mai na gaba ki kai masa da kanki kamar yadda aka saba, ki tafi da autan ya gaida shi. In an buɗe ƙofar kuma ki rubuto mini abin da aka tarar a ciki, ina so in ji ko wayar ce.